Kafin ku ɗauke aurenku zuwa wani gari

Duk saurayin da ya taɓa zama da biro da takarda ya lissafa abin da ke jiransa daga kuɗin gaisuwa zuwa daren kai amarya, ya san inda tunanin gudu yake fitowa. Ga akwatunan lefe, ga anko, ga kamu, ga dina a ɗakin taro, ga mai hoto da mai kwalliya, ga motocin kai amarya, ga sayen baki. Iyayen mace su ma ba su tsira ba, kayan ɗaki da gara na jiransu. Shi ya sa yanzu za ka ji saurayi da budurwa sun haɗa baki suna cewa gara su tafi wani gari da mutum kaɗan, a ɗaura, a dawo. Masu hali suna maganar Dubai ko Zanzibar, ko a haɗa da Umara. Irinmu kuwa Kaduna ce ko Jos ko Abuja.

Ƙannena, ni na bi wannan hanya, kuma ban zo in hana ku ƙaramin biki ba. Har gobe ina bayansa. Sai dai abin da na yi ba shi ba ne, ko da yake haka nake kiransa a lokacin.

Mahaifin matata ya rasu tana sakandare. Baffanta da ke Funtua shi ne babban gida, kuma da aka je neman aure bai ƙi ni ba. Cewa ya yi marainiya ce, ba za a fitar da ita a wulaƙance ba, yadda aka yi wa 'ya'yansa haka za a yi mata, kuma sai bayan kaka. Ni kuwa albashi nake jira a Abuja, ga kuɗin haya ya cinye abin da na tara. Ana cikin haka kawunta da ke Jos, mutum mai sauƙin kai da ya san halin da muke ciki, ya ce mu zo ya ɗaura mana. Mahaifiyarta ta ji maganar ta yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin yarda domin abin da nake so ke nan. Tana da wa a Kaduna, uwa ɗaya uba ɗaya, amma muka ƙi gaya masa, don mun san yana ji Baffa ya ji.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura a wani masallacin unguwa. Aka ba da sadaki lakadan, aka raba goro da alawa, aka shafa fatiha. Da aka ɗauki hotuna na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya ina roƙon kada kowa ya saka a waya, kada kuma a faɗa wa kowa sai mun shirya. A ganina dabara ce. Ba a jima ba wata gwaggonta ta ga hoton a WhatsApp ɗin wani da ban ma san ya halarta ba.

Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Abin da ya kamata ku ji shi ne bayanin malamin da mahaifina ya kai ni wurinsa a Zariya, domin abu biyu ya nuna mini, kuma kowanne yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan unguwanninmu. Yaron da ya kai babin aure a Risala ya san cewa ba aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne wane ne waliyyin. A mazhabar Malikiyya da muke bi, walicci ta ɓangaren uba yake tafiya: ɗan mace idan tana da shi, sai uba, sai ɗan'uwa, sai ɗan ɗan'uwa, sai kaka, sannan baffa. Kawu ba ya cikin wannan jeri, duk kusancinsa da yarinya, ko da a hannunsa ta tashi yana da nasa hukuncin daban da sai an tambayi malamai. Malam ya ce tunda ba a daɗe ba, maganar tana hannun wanta: in ya so ya zartar, in ya so ya warware.

Ku dubi wautar da ke ciki. Mutumin da muka ɓoye wa shi ne mai haƙƙin, ya ma riga Baffa a shari'a, al'ada ce kawai take sa a miƙa wa baffa don girmamawa. Da mun zauna da shi tun farko mun gaya masa gaskiyar aljihuna, da shi zai je Funtua ya yi magana a matsayin ɗa, kuma maganar ɗan gida ba ɗaya take da ta mai neman aure ba. Daga baya ya zartar, amma sai da ya bar ni ina zirga-zirgar Kaduna har na san kowane rami a hanyar. Ban ga laifinsa ba.

Na biyun ya fi ba ni tsoro. Roƙon nan da na yi wa shaidu su rufe bakinsu yana da suna a fiƙihu, nikahus sirri, kuma malaman Malikiyya sun tsananta a kansa har suka ce ana raba irin wannan aure. Ba yawan mutane ake dubawa ba. Mutum goma za su iya halarta aure ya zama bayyananne, idan sun tashi suna faɗa wa duk wanda suka gamu da shi. Masallaci kuma zai iya cika, amma in an ce kowa ya yi shiru, an shiga wani abu daban. Don haka duk inda za ku je, ko Jos ne ko bayan teku, ku tabbata a ranar da aka ɗaura labari ya isa gidajen biyu da unguwannin biyu, kuma daga bakinku ya fito.

Na san wani zai ce nasa lamarin ba irin nawa ba ne, shi ƙin sa aka yi ƙiri-ƙiri, saboda ƙabila ko sana'ar gidansu ko don ana ajiye yarinyar wa wani mai kuɗi. Wannan yana faruwa, kuma zalunci ne. Amma maganinsa ba tashar mota ba ce. Waliyyin da ya hana mace auren wanda ya dace da ita ba tare da hujja ba, ana kai ƙararsa gaban alƙali, alƙali ya tambaye shi dalili, in babu ya umarce shi ya aurar, in ya ƙi alƙali ya aurar da kansa. Kafin a kai nan ma akwai mai unguwa da limami, a Kano da wasu jihohi akwai Hisba da ke zaman sulhu kan irin wannan kullum. Hanyar tana da jinkiri da ɗaci, sai dai auren da ya fito ta nan ba wanda zai zo gobe ya ce bai ɗauru ba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai ba na shari'a ba ne. Ni namiji ne, faɗa aka yi mini, mahaifina ya ɗauke mini kai na ɗan lokaci, shi ke nan. Ita ce ta biya. Ta shiga gidana ba gwaggon da ta riƙe hannunta, ba wadda ta damƙa ta amana ga dangina, ba jere, sai katifa da tukwanen da muka saya tare a kasuwa. A lokacin muna dariya muna cewa mun huta. Amma duk taron suna ko biki da ta je, sai wata ta sako maganar a kaikaice, irin maganar da ba za ka iya ramawa ba don ba a ambaci sunanka ba. Ranar da muka yi saɓani na farko mai ƙarfi, ta rasa inda za ta kai ƙarata. Funtua za a ce mata da sanin wa kika tafi, Jos kuma kawun da kansa ya shiga kunya. Namijin da ya san matarsa ba ta da gidan zuwa, in bai yi hattara ba sai harshensa ya ƙara tsawo, kuma na ga alamar haka a kaina. Ke ƙanwata, idan saurayi ya ce miki ku je a ɗaura daga baya a sanar, ki tambaye shi wa zai zauna a gabansa ranar da ya ɓata miki. Kada ki karɓi rantsuwar cewa ba zai ɓata miki ba. Suna za ki nema, sunan mutumin da yake jin nauyinsa.

Mahaifiyarta ma ban kyauta mata ba. Shirun da ta yi, na mace ce da ta ƙare zaman takaba a gidan dangin miji, wadda ba ta da bakin musa wa kowa. Da abin ya fashe ita aka fara tuhuma.

Maganar kuɗin kuma, wadda ita ce ta kai ni, ba ta fita yadda na lissafa ba. Motar Jos da masauki da abincin waɗanda suka raka mu, sai zirga-zirgar ban haƙuri, kowace tafiya da goro da turmin atamfa, sai walimar da Baffa ya ce dole a yi a ƙofar gidansa kafin ya sa albarka. Da aka tara, abin da na tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Walimar nan ma ita ce abin da bai kamata in tsallake ba tun farko, domin Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Sadaki kuwa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, zinaren da ya ɗan haura giram 1. Addini bai taɓa tsawwala mana ba. Dina da anko da kwalliyar dubban nairori su ne na yankewa, sai na bar su a lissafi ina jin tsoronsu, na je na yanke waliyyi.

In kun daidaita da gida, kowa ya sani, kuna dai son a yi a wani gari cikin mutum kaɗan, to ga abin da ke tuntuɓe da mutane. Ku karɓi takardar shaidar aure a ranar, da sunan waliyyi da wakili da shaidu da adadin sadaki. Mu ba mu karɓa ba, sai da aka nemi takardar a wurin aiki na koma Jos na tarar limamin ya bar unguwar. Shaidun kuma su zama mutanen da za ku iya nemowa bayan shekara 20, ba waɗanda aka tsinta a sahun masallaci ba. Gwajin jini kada gaggawa ta sa ku tsallake shi. Idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da sikila, kuma tun 2024 jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka. Masu tunanin yin auren rajista a ofishin gwamnati don neman biza su sani ana lika sanarwa ta kwana 21 kafin a ɗaura, kuma aure ne na mace ɗaya a ƙarƙashin dokar ƙasa, da hukunce-hukuncensa na saki da suka sha bamban da na kotun shari'a. Ku tambayi lauya da malami kafin ku sa hannu.

Masu burin a ɗaura musu a Makka kuma, wanda ya ɗaura haramin Hajji ko Umara ba ya aure, ba ya aurarwa, ba ya ma neman aure, hadisi ne ingantacce. Sai an kammala Umara an yi aski ko saisaye. Ni da za ku ji tawa ma, ku bari a ɗaura a gida. Ango ba dole ne ya halarta ba, wakili ya isa, amarya dama ba ta zuwa masallaci. Tsofaffin da ba za su iya hawa jirgi ba su shaida a ƙofar gidansu, ku kuma ku yi tafiyarku bayan an kai amarya, da takardarku a jaka, ko Madina ce ko Yankari.

Wajen shawo kan babban gida, kada ka je da kanka kana jayayya, kuma kada ka aika saƙon waya. Ka nemi wanda baffan yake jin kunyarsa, abokin marigayi ko limamin unguwa ko yayarsa mace in tana raye, ka gaya masa adadin abin da kake da shi ba ƙari ba ragi. Ka tafi da abin da za ka sallama, domin dattijo ba ya son a ce an kayar da shi gaba ɗaya. A bar wa mata wuninsu a tsakar gida da sa lalle, waɗannan ba su da tsada in ba a kama ɗakin taro ba. Lefe a rage akwatuna, a yi alkawarin cikon bayan biki a gaban shaida. Kai amarya kuwa kada ku taɓa shi, ko mota ɗaya ce ta ɗauko gwaggo da inna da yayarta, su shigo da ita, su zauna, su ga ɗakin, su yi wa danginka maganar da suka zo yi.