A wace irin kasuwa?

Laraba, ƙarfe 11:30 na dare.

Yau aka dawo mana da takardun gwajin da muka yi makonni biyu da suka wuce a kwas ɗin tattalin arziki. Maki 11 na samu cikin 20. Tun safe abin ke cin raina, sai yanzu da na zauna rubutu nake jin zuciyata ta ɗan lafa.

Tambayar da ta kayar da ni ita ce wadda na fi amincewa da ita. An ce gwamnati ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi sama da abin da ake biyan ma'aikata a kasuwa, me zai faru da yawan masu aiki? Ko tsayawa tunani ban yi ba a ranar. Na ja layin buƙata, wato na masu ɗaukar ma'aikata, yana gangarowa, na ja layin wadata, wato na masu neman aiki, yana hawa, na nuna inda suka haɗu, sannan na shimfiɗa layin sabon albashin a samansu. Na rubuta cewa masu neman aiki za su ƙaru, masu ɗauka za su rage, ratar da ke tsakani kuwa rashin aikin yi ke nan. Da rula na yi zanen, tsaf da shi. Maki 10 ne a kan tambayar, Malam ya ba ni 4. A gefen zanen ya rubuta kalmomi huɗu da jan biro: "A wace irin kasuwa?"

Ana tashi daga lacca na bi shi ofis. Na tarar da mutum uku a gabana, kowa riƙe da takardarsa, fuska a murtuke. Da layi ya zo kaina na yi sallama, na ce, "Malam, don Allah ina kuskurena? Zanen nan shi ne a littafi, shi ne kuma ka yi mana a allo."

Ya karɓa ya duba, ya ce, "Zanenki ba shi da aibu. Amma gaya mini, mutum nawa ke ɗaukar ma'aikata a wannan kasuwar taki?"

Na ce ban faɗa ba.

"Ma'aikacin da bai ji daɗin albashinsa ba, zai iya tashi gobe ya koma wani wurin ba tare da asarar komai ba? Ya san abin da ake biya a sauran wuraren?"

Na yi shiru. Ya ce duk waɗannan sharuɗɗa ne da zanen ke tsaye a kansu, kuma ya faɗe su a aji. Gaskiya ne, ya faɗa. Suna nan a littafin rubutuna, a ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, tare da kalmar Latin ɗin nan da muke sakawa a ƙarshen kowace amsa, ceteris paribus, wato idan sauran abubuwa suka tsaya yadda suke. Na ɗauke ta kamar ado ce ta rufe magana. Ban taɓa zama na tambayi kaina waɗanne abubuwa ne ake so su tsaya ba, ko kuma me zai biyo baya idan suka ƙi tsayawa. Ya jawo wata maƙala daga kan teburinsa ya miƙo mini, ya ce, "Je ki karanta wannan, ki dawo mini da ita ranar Juma'a. Makin dai ba zan canza ba."

Laburare na wuce kai tsaye, raina a ɓace. Niyyata in leƙa shafin farko in ajiye. Sai da na shafe awa biyu da rabi ban ɗago ba.

Aikin David Card da Alan Krueger ne, na shekarar 1994, lokacin dukansu suna koyarwa a jami'ar Princeton ta Amurka. A ranar 1 ga Afrilun 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa. Maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. Sai mutanen nan biyu suka ga dama ta samu: jihohi biyu kafaɗa da kafaɗa, yanayin kasuwarsu kusan ɗaya, doka ta canza a ɗaya ta bar ɗaya. Suka tuntuɓi gidajen sayar da abincin gaggawa guda 410, 331 a New Jersey, 79 a gabashin Pennsylvania, irin wuraren da akasarin ma'aikatansu ƙaramin albashi suke karɓa. Sun tambaye su yawan ma'aikata kafin dokar ta fara aiki, suka sake komawa wajen ƙarshen shekarar.

Dabarar ce ta fi burge ni. Da New Jersey kaɗai suka duba, duk canjin da suka gani ana iya cewa wani abu ne daban ya jawo shi, ko tattalin arzikin yankin ne ya ja baya, ko lokacin shekara ne. Don haka suka auna canjin da aka samu a New Jersey, suka auna na Pennsylvania, suka debe wannan daga wancan. Abin da ya shafi jihohin biyu tare ya fita daga lissafi, abin da ya rage shi ake jingina wa dokar. Wato maimakon su rubuta "idan komai ya tsaya yadda yake" su wuce, sai suka tashi suka nemo wurin da kusan komai ya tsaya ɗin da gaske.

Bisa zanena, ya kamata ma'aikata su ragu a New Jersey. Ba su ragu ba. A Pennsylvania ne ma matsakaicin yawan ma'aikata a kowane gida ya sauka daga kimanin 23 zuwa 21, a New Jersey kuwa ya ɗan motsa daga 20 da ɗoriya zuwa 21. Na maimaita jadawalin nan ya fi sau uku, ina bin layi da yatsa, don na zaci ni ce na juya sunayen jihohin.

Ba a tafa musu baki ɗaya ba. Wasu masanan, David Neumark da William Wascher, sun ce bayanan da aka tattara ta wayar tarho ba abin dogaro ba ne, suka nemo takardun biyan albashi, suka ce su raguwa suka gani. Card da Krueger suka sake aikin da alƙaluman hukuma, suka tsaya a kan cewa babu raguwar da za a nuna. Har yau ana wannan muhawara. Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Krueger ya rasu a 2019, bai ga ranar ba, kuma wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata, mutumin da ban san da shi ba sai yau da hantsi.

Da ƙarfe 2 muna da laccar ilimin zamantakewa, ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da ake wajabta mana daga wasu sassan tsangayar. Malama ta yi magana a kan Ibn Khaldun da Muƙaddimarsa ta 1377, da abin da ya kira asabiyya, ƙarfin haɗin kan da ke ɗaga al'umma, idan ya yi rauni kuma daula ta sukurkuce. Rabin hankalina na can New Jersey, amma na rubuta abu ɗaya da ta faɗa: a cikin littafin nan guda mutumin ya yi maganar haraji da farashi da sana'o'i da mulki da halayen mutanen birni da na ƙauye, bai raba su sashe-sashe kamar yadda aka raba mana gine-gine a jami'a ba.

Bayan lacca muka jero da ƙawata, wadda ita ilimin zamantakewar ne fanninta. Na ba ta labarin maki 11 da maƙalar. Ba ta tausaya mini ba ko kaɗan. Ta ce, "Ai ku dama haka kuke. Ku ja layi biyu ku ce kun gama da rayuwar mutane. Ina mutum a cikin zanen nan naki? Matar da ba za ta iya barin aikin ba saboda shi ne kusa da makarantar 'ya'yanta, a wane layi take?"

Na ji zafin maganar, don ina son karatun nan, ba tura ni aka yi ba. Na ce mata ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, na kawo mata Amartya Sen, wanda muka taɓa a zangon da ya wuce. Yana ɗan shekara tara ya ga yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 da idonsa, yunwar da ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Da ya girma ya koma kan alƙaluman, ya kafa hujja cewa abincin da ke yankin a shekarar bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Lokacin yaƙin duniya ne, kuɗi sun yi yawa a birni, farashi ya yi tashin gwauron zabi, ladan leburorin karkara da masunta da masu ƙananan sana'o'i kuwa bai bi shi ba. Abinci na nan, ikon sayensa ne ya kuɓuce musu. Na ce mata wannan ma masanin tattalin arziki ne, kuma da lissafi ya nuna wanda ya mutu da dalilin mutuwarsa.

Ta ce, "To ai kin dawo kan maganata. Sai da ya tambayi su wane ne, wace sana'a suke yi, ina suke zaune. Tambayoyinmu ke nan."

Na ce, "Ku kuma in ba a ƙirga ba, da me za ku nuna cewa abincin bai ragu ba?"

Muka yi ta yi har ƙofar ɗakin kwananta, babu wadda ta sauko. Amma matar nan da ta kawo misali da ita ta biyo ni har ɗaki. Da na buɗe littafi da daddare ina neman dalilin da zai sa albashi ya hau aiki bai ragu ba, sai ga ta a babi na gaba, wanda ba mu kai ba tukuna. Joan Robinson, masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Cambridge, ta yi bayaninsa tun 1933: kasuwar da mai saye ke da ƙarfi, ko don shi kaɗai ne, ko don masu sayarwa ba su da wurin zuwa cikin sauƙi. A kasuwar aiki, mai ɗaukar ma'aikata shi ne mai saye. Matar da ba za ta iya nisa da makarantar 'ya'yanta ba, da wanda bai san abin da ake biya a wani wuri ba, da wanda ba zai iya jure wata guda babu albashi yana neman sabon aiki ba, su ne ke ba shi wannan ƙarfin.

Ban yarda na gane ba sai da na ƙirƙiri lissafi da kaina. A ce mutum na da ma'aikata 10, yana biyan kowa 50. Yana son ƙarin mutum ɗaya, amma babu mai zuwa sai a kan 55, kuma in ya ba sabo 55 dole ya ƙara wa tsofaffin goman biyar-biyar. Ashe mutum na 11 zai ci masa 55 da ƙarin 50, wato 105. Idan aikin da mutumin zai yi bai wuce ya kawo 80 ba, ba zai ɗauke shi ba, ko da yake 80 ta fi 55 nesa ba kusa ba. To, a ce doka ta zo ta ce kada a biya kowa ƙasa da 60. Goman nan dole ya biya su 60, ko ya ƙara mutum ko bai ƙara ba. Yanzu na 11 zai ci masa 60 kacal, ya kawo 80. Sai ya ɗauka. Albashi ya hau, aiki ya ƙaru. Amma da dokar ta ce 90, lissafin ya juye, ba zai ɗauka ba, kuma cikin goman ma sai ya fara duba wanda zai sallama. Zanena na ranar gwaji yana nan da gaskiyarsa, sai dai yana da inda yake aiki da inda ba ya yi, kuma ko a kasuwar mai ƙarfi akwai iyakar da in aka wuce ta zai dawo ya yi aiki.

Na jima ina kallon takardar nan. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina wannan karatu, kuma yau ne karo na farko da na ji lissafi ya faɗa mini abin da ban zata ba. Da can ina koyon zane ne don in mayar wa malami abinsa ranar jarrabawa. Har yanzu ina ganin maki 4 ya yi kaɗan ga zanen da babu kuskure a cikinsa, kuma zan faɗa masa haka cikin ladabi. Amma na daina ganin tambayarsa a matsayin neman laifi.

Na tura wa ƙawata hoton lissafin, na rubuta mata cewa na samo matarta a babi na gaba. Ta amso da cewa ta gani, amma har yanzu ban gaya mata dalilin da ya sa uwar ce ke neman aiki kusa da makaranta ba uban ba, kuma in zo laccarsu ta ranar Litinin in ji. Na ce zan zo.

Na sake rubuta amsar gwajin a sabuwar takarda, ko da yake ba za ta ƙara mini maki ba. Wannan karon shafi biyu ta ci. Na fara da jera sharuɗɗan, na yi zane biyu maimakon ɗaya, na kawo New Jersey da masu sukar aikin a ƙarshe. Zan haɗa da maƙalar in kai wa Malam ranar Juma'a. Akwai abu ɗaya da nake so in tambaye shi: ta yaya Card da Krueger suka tabbatar cewa da ba a yi dokar ba, jihohin biyu hanya ɗaya za su bi? Duk lissafin nasu a kan wannan yake tsaye, kuma na ga Pennsylvania ce ta fi motsawa, ba New Jersey ba.

Gobe da ƙarfe 8 akwai laccar ƙididdiga, kuma saura tambaya uku a aikin da aka ba mu. Zan yi ɗaya yanzu, biyun in tashi da wuri.