Hazo, kotso da gwangwanin hotuna

Asabar, tsakiyar Janairu, Sakkwato.

Rana ba ta leƙo ba yau sai wajen ƙarfe goma, ita ma fari fat kamar faifan da aka bulbula wa toka. Da asuba ruwan buta ya kusa tsinke mini yatsu, sahu biyu kacal muka yi a masallacin unguwa, kowa ya naɗe fuska sai ido. Garin da zafin Afrilu ke korar mu barci tsakar gida, yau ga mu muna rububin kaskon wuta.

Hunturu yakan zo mini da nauyin zuciya, kuma na san dalili. Cikin irin wannan jaura Baba ya rasu, bana shekara tara. Na fasa fita kasuwa, na shiga ɗakin Inna na tarar tana shafa man kaɗanya a dugaduganta, kunun tsamiya na tururi a gefe. Ta ce in ciro mata bargo a adaka. Ƙarƙashin bargon ne na ci karo da gwangwanin hotunan da na ɗauka ya ɓata tun tashinmu daga tsohon gida.

Kafin in buɗe sai na kunna Narambaɗa a waya, don rediyon Baba mai kaset ya daɗe da mutuwa. Makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, ya daɗe da barin duniya, muryar tana fitowa da ƙura-ƙura irin ta tsohon ɗauka. Amma kotson nan ba ya gaggawa. Ya aje ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa, a komo gindi, a sake tashi, kamar mai saƙa da ya san zarensa ba zai ƙare ba. Baba ba ya yarda a yi surutu in ana wannan kiɗi. Muna yara mun ɗauka tsanani ne. Yau ni da kaina na daka wa yara tsawa da suka shigo da gudu.

Hoton farko Baba ne riƙe da kekensa Raleigh, siriri, hula a karkace, an rubuta 1972 a baya, lokacin Sakkwato tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, shi kuma yana ƙaramin malami a En'e. Na girme shi yanzu, wannan saurayin. Sai na hawan sallah a ƙofar fada, dawaki sun tada ƙura, can nesa ga laimar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Inna ta ce ran nan taushin Jankiɗi, makaɗin fada, har cikin ƙirji take jin sa.

Wanda ya tsayar da mu shi ne na mata huɗu a shagon mai hoto, bayansu labule mai zanen furanni, hannuwa a kan gwiwa don lalle ya fito. Ba mai murmushi ko ɗaya. Inna ta nuna kanta, ta nuna Gwaggo, ta nuna wata maƙwabciya, duk da sunayensu. Da ta zo kan ta huɗu sai yatsan ya tsaya.

"Wagga hwa na san ta," in ji ta. "Ita ta yi mani rakiya ran da anka kawo ni gidan Malam. Kwana bakwai tana tare da ni."

Sunan ya ƙi zuwa. Ta kai hoton bakin taga, ta goge shi da gefen zane, ta dawo ta zauna. Kunun ya huce ba ta sha ba. Duk wanda zan iya tambaya yana cikin gwangwanin nan, ban da ita. Na ce, "Inna, bar shi, zai zo." Ba ta tanka ba.

Haka muka wuni, hazo bai washe ba har magariba.

Bayan isha'i ina shirin kwanciya na ji muryarta. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai, yaron ga! Taho da hoton ga, na tuna."

Babu wuta, sai na haska fitilar waya. Ta faɗi sunan sau biyu, har da na mahaifin matar da unguwarsu, na rubuta a bayan hoton da fensirin 'yata. Saura hotuna goma sha ɗaya. Ta ce gobe bayan ta karya.