Shafa mai da kula da fatar bakwaini: abin da aiki ya koya mini

In aka kawo mana bakwaini da aka haifa a mako 30 na ciki, kafin in ɗora shi kan sikeli fatarsa nake fara dubawa. Ja ce jawur, tana ƙyalli, jijiyoyi duk a fili, in ka ɗora yatsa sai ka ji ɗan danƙo. Ɓawon saman fata, wanda ke riƙe ruwan jiki yana tare ƙwayoyin cuta, ba ya kammala sai wajen mako 34 na ciki. Wanda ya riga wannan lokaci fitowa, ruwa na tsiyayewa ta fatarsa yana tafiya da ɗumin jiki, shi ya sa za ka lulluɓe yaro ka dawo ka taras ƙafafunsa sun yi sanyi. A Maraɗi abin ya fi muni daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓen manya, balle jinjirin da bai kai kilo 2 ba. Yawanci cikin mako 2 zuwa 4 bayan haihuwa fatar ke yin ƙwari, kuma a wannan tsakani ne ake yawan yi mata lahani da kyakkyawar niyya.

Wanka ne abin da muka fi ja a kansa da kakanni. "Malama, ko ɗan ruwa ba za a sa mishi ba? Ga ƙarni." Sai in ce, "Inna, ki yi haƙuri, farin maiƙon nan da ya zo da shi shi ne man da ya fi kowane mai." Ba ma goge shi, jini kawai muke sharewa. Awa 24 na farko babu wanka ko kaɗan, ƙananan sosai kuwa sai numfashi da zafin jikinsu sun daidaita. Kafin nan auduga da ruwan ɗumi sun isa: fuska, lungun wuya, hammata, ɗuwawu. In an fara wankan, sau ɗaya a kwana 4 ya wadatar, minti 5 kacal, babu soso, babu sabulu mai ƙamshi. Ruwan a gwada shi da gwiwar hannu, don ruwan jego na uwa ne.

Man da muke amfani da shi na turnasol ne, wanda a Najeriya ake ce wa sanfulawa, in babu sai farin man kwakwa. Su biyun ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2022 cewa ana iya shafa wa bakwaini. A binciken da aka yi a Daka ta Bangaladash, aka buga a 2005, jariran da ba su kai mako 33 a ciki ba da aka shafa wa man turnasol sun samu raguwar cututtukan da ake ɗauka a asibiti da kashi 41 cikin ɗari. Awon da suka bi giram 4 ne ga kowane kilo, sau 3 a rana har kwana 14, daga nan sau 2. Ke nan yaro mai kilo ɗaya da rabi yana buƙatar ƙaramin cokali ɗaya da ɗan ɗori a kowace shafa. Ni da sirinji nake aunawa, don ido yana ƙarya.

Hannu shi ne rabin aikin. A cire zobe da awarwaro, a yanke farce, a wanke da sabulu har gwiwar hannu. Man a tsiyaye shi cikin ƙaramin kofi mai tsabta, abin da ya rage a zubar. Yatsa ba ya shiga kwalbar, don daga ranar da ya shiga ta zama gidan ƙwayoyin cuta. Sai a murza a tafin hannu ya yi ɗumi. Ba na tuɓe yaro gaba ɗaya. Ƙafa ɗaya nake buɗewa in shafa in rufe, sannan ɗayar, hannuwa, ƙirji, baya. Shafa ce irin ta lallashi, ba murza ko tausa ba, domin fatar ɗan mako 28 na iya saluɓewa a ƙarƙashin babban yatsa. Fuska, kai, cibiya, wurin ƙarin ruwa da duk inda ya fashe, tsallake su ake yi. Ana gamawa sai hula da safa, a mayar da shi tsakanin nonon uwa fata da fata, bayan ɗan lokaci a auna zafi a hammata: digiri 36,5 zuwa 37,5.

Yawan mai ma ɓarna ne. Lungun wuya da matsematsi su jiƙe su yi ja, filastar ƙarin ruwa ta zame a sake huda yaro. Wanda aka sa ƙarƙashin fitila saboda ciwon shawara kuwa ana dakatar masa da mai sai an gama.

Man zaitun mutanenmu na girmama shi, ni ma haka, amma an gano yana sassauta ɓawon fata, don haka nake roƙon a ajiye shi sai yaro ya yi ƙwari. Man gyaɗa da man kaɗe na kasuwa da man shanu, a buɗe ake sayar da su cikin ƙura. Basilin ma ba na sa wa ƙanana sosai, domin a Amurka an gwada mai irinsa kan jariran da ba su kai kilo 1 ba, cutar jini ta ƙaru. Hoda kuwa huhu take shiga.

Mu ma'aikata muna da namu laifin. Filasta in aka fizge ta, da fata take tashi. A jiƙa ta da ruwan ɗumi ko ɗigon mai, a naɗe ta baya a kwance, hannu ɗaya na riƙe da fatar. Alkol yana ƙona fatar bakwaini. Betadine, maganin da ake goga wa fata don kashe ƙwayoyin cuta, yana ratsa fata ya taɓa aikin ƙwayar maƙoshi, saboda haka duk maganin da aka goga kafin allura ana wanke shi da ruwan gishiri na asibiti, kar ya taru ƙarƙashin bayan yaro.

Ranar sallama maijego ce ke shafawa a gabana sau biyu, kaka na kallo. Ina gaya musu a duba famfas duk awa 3, a daina gashin cibiya da tsumma mai zafi. In suka ga ƙuraje masu ruwa, jan da ya zagaye cibiya, ƙin kama nono, ko tafin ƙafa ya ƙi ɗumi bayan awa guda a ƙirji, su nufi likita mafi kusa a daren, ko daga Dakoro suke ko Madarunfa.