Ƙwayar magani guda ta sa aka ɗage mini aikin ƙashin baya

Aikin kansa bai wuce awa ɗaya ba. Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne jiran da aka ƙara mini a banza, jiran da tambaya guda za ta iya kawar da shi, amma ba a yi mini ita ba sai da aka sa mini rigar tiyata, ina kwance a gadon da ake turawa, cikina babu ko ruwa tun tsakar dare.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce, na haura sittin, a Unguwar Rimi nake zaune. Santsi ne ya ɗebe ni a bakin famfo na faɗi zaune, irin faɗuwar da in jikata ce ta yi sai dai ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. Ni kuwa daga ranar ban ƙara tashi ba sai an kama ni. Hoto ya nuna gaɓa ɗaya ta ƙashin bayana ta lotsa, wadda likitoci ke ce wa L1, daidai inda gaɓoɓi 12 masu riƙe da haƙarƙari suka ƙare, 5 na ƙugu suka fara. Likita ya ce a nan irin wannan karaya ta fi samun mutane, musamman matan da suka daina al'ada, don ƙashi yana zaizayewa ta ciki ba a sani ba, kamar tubalin ƙasa da damina ta sha.

'Yan dubiya kowa da shawararsa, kun dai san hali. Wannan ta ce a kira mai ɗori, waccan ta ce gashin ruwan zafi da man shanu. Ba na raina masu ɗori, na ga hannun da suka gyara. Amma ƙashin baya ba hannu ba ne. Laka ce ta ratsa ta cikinsa, kuma wanda ya danna wurin da ƙarfi ba ya ganin abin da yake dannawa. Ban yarda kowa ya taɓa ni ba.

Gwaje-gwajen farko sun tafi lafiya. An yi hoton MRI, don shi ne ke bambance sabuwar karaya da tsohuwa: sabuwa tana nuna kumburi a cikin ɓargo. An kuma tabbatar ba tarin fuka ba ne ya ci ƙashin, ba kuma sankarar ɓargo ba. Kada ku bari a tsallake muku wannan. Tarin fuka na ƙashin baya yana nan a ƙasarmu, kuma maganinsa daban ne, ba a zuba siminti a ƙashin da ƙwayar cuta ke ci.

An fara gwada mini ɗamarar baya da maganin kashe zafi, domin da yawa daga irin wannan karaya suna haɗewa da kansu cikin mako 6 zuwa 12. Tawa ta ƙi barina ko zaman cin abinci. Sai likita ya kawo maganar aikin da suke kira kaifofilasti. Ba a buɗe baya. Mutum zai kwanta rub da ciki, a huda fata huda biyu ƙanana, a tura allura mai kauri har cikin gaɓar da ta lotsa ana kallo a na'urar hoto, a hura ɗan balan-balan a ciki ya ɗaga ƙashin ya buɗa wuri, a zare shi, sannan a cika wurin da simintin ƙashi, wanda ke daskarewa cikin 'yan mintoci. Asalin dabarar zuba simintin daga Faransa take, likitocin birnin Amiens ne suka fara ta a 1984. Balan-balan ɗin daga baya aka ƙaro shi a Amurka, ƙarshen shekarun 1990.

Babban ɗana mutum ne mai bin diddigi. Ya je ya karanto cewa a 2009 an fitar da sakamakon bincike biyu, ɗaya a Ostareliya, ɗaya kuma asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta, da suka nuna waɗanda aka zuba wa siminti ba su fi waɗanda aka yi wa aikin gangan, wato aka nuna musu kamar an zuba alhali ba a zuba ba, samun sauƙi ba. Ya tari likita da maganar. Likitan bai ji haushi ba, ya ce gaskiya ne, amma a 2016 wani binciken a Ostareliya ya nuna amfanin aikin ga masu ciwo mai tsanani waɗanda karayarsu ba ta kai mako 6 ba. Ma'ana, aikin ba na kowa ba ne, kuma lokaci yana da muhimmanci a cikinsa. Ku riƙe wannan maganar ta lokaci, don ita ta sa abin da ya biyo baya ya fi yi mini ciwo.

Aka sa rana. Likitan da zai yi aikin daga Abuja yake zuwa, ba kullum yake gari ba, kayan aikin kuma daga Legas aka yi odarsu. Muka biya kuɗi, ɗana ya ɗauki hutu a wurin aiki, autata ta baro gidan mijinta a Zariya ta zo zaman jinya. Lokacin cike takardu an tambaye ni ko ina da hawan jini, na ce ina da shi. Ciwon suga fa? Na ce babu. Ina shan magani? Na ce ina shan na hawan jini da na zuciya. Aka rubuta, aka wuce. Babu wanda ya ce in faɗi sunayensu, babu wanda ya ce in kawo kwalayen a gani.

Da safiyar aikin likita mai sa barci ta zo, yarinya ce sa'ar 'yata. Ta gaishe ni ta ce, "Mama, ina magungunan da kike sha a gida? A ba ni in gani."

Autata ta zazzage ledar a kan gado. Ta ɗaga kwali ɗaya, ta dube ni.

"Mama, wannan yaushe rabonki da shi?"

Na ce, "Jiya da daddare na sha, Likita. Ban taɓa fashinsa ba."

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama. Yau ba za a yi aikin nan ba."

Kulofidogirel ne, wanda wasu suka fi sani da Plavix. An ɗora ni a kansa shekarun baya bayan wata 'yar alamar shanyewar ɓarin jiki da ta zo ta wuce. Ni a sanina maganin zuciya ne, haka ake ce masa a gidanmu. Ashe aikinsa hana jini daskarewa. Ta zauna ta yi mana bayani: maganin yana kashe ƙarfin ƙwayoyin da ke toshe rauni, kuma wadda ya taɓa ba ta dawowa daidai, sai jiki ya ƙera sababbi. Su ƙwayoyin nan kwana 7 zuwa 10 suke rayuwa, shi ya sa ake dakatar da shi kwana 5 zuwa 7 kafin aiki irin wannan. Autata ta ce ai an ce hudar ƙarama ce. Ta ce ƙanƙantar a waje take. Allurar tana bi ta gefen laka ne, in jini ya tsiyaya a can ciki babu hannun da zai kai ya danne shi, taruwa zai yi ya matse lakar, mutum ya shiga da ciwon baya ya fito ƙafafu sun mutu.

Wannan baiwar Allah ban da abin da zan ce mata sai godiya, kuma har gobe tana cikin addu'ata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haushina yana kan tsarin da ya bar wannan tambaya sai safiyar aiki. Na yi ta zirga-zirga a asibitin nan, an ɗebi jinina, an auna zuciyata, an karɓi kuɗina, amma mutum na farko da ya nemi ganin abin da nake haɗiya kullum shi ne na ƙarshe a layi. Da an haɗa ni da ita tun ranar da aka sa rana, da babu abin da zai faru.

Ɗagewar kuma ba ta kwana bakwai ba ce kawai. Sai da aka koma wurin likitan da ya rubuta mini maganin tun asali ya amince a dakatar, ya kuma faɗi ranar da zan koma kansa. Sannan aka jira likitan Abuja ya sake samun sarari. Wasu gwaje-gwajen jinin sun tsufa, aka sake su da sabon kuɗi. Hutun ɗana ya ƙare. Ni kuma ina kwance ina lissafin makonnin nan 6 da aka ce aikin ya fi amfani a cikinsu, ina kallonsu suna zurarewa. Doguwar kwanciya ga tsoho wani ciwon ce: ciki ya ƙi tafiya, ƙafafu suka saki, fatar ƙugu ta fara ja sai ana juya ni. Ga fargabar kwanakin da na yi babu maganin, ko ɗan yatsana ya yi sanyi sai gabana ya faɗi in ce shanyewar ce ta dawo.

A nan dole in ja kunne, don na san halinmu. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ajiye maganinsa da kansa. Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiya a zuciya, dakatar da irin wannan magani ba da izini ba yana iya kashe shi. Likitan da ya rubuta da likitan da zai yi aiki su ne za su daidaita tsakaninsu. Wafarin ma, wani maganin hana jini daskarewa, haka ne, wajen kwana 5 ake dakatar da shi, a kuma sake auna jini kafin a shiga. Asfirin wani lokaci a ce a bari, wani lokaci a ce a ci gaba. Naku dai shi ne ku kwashi komai a leda ku kai, kwali da kwali, tun ranar farko, ku zube a kan tebur ko ba a tambaye ku ba. Har da diklofenak da ake saya a kemis don ciwon jiki, har da jiƙe-jiƙe da garin magani da ƙwayoyin tafarnuwa da 'yan uwa ke kawowa tsaraba. Kada ku ce "maganin zuciya" ko "na hawan jini". Ku miƙa kwalin a karanta. Kuma ku nemi ganin mai sa barci da bakinku kafin ranar, haƙƙinku ne.

Kwanakin jiran dai na yi amfani da su, tunda ba yadda zan yi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in riƙa gwada kwanciya rub da ciki da matashi a ƙarƙashin ƙirji, kaɗan-kaɗan, ana taimaka mini wurin juyawa, domin in ba barci gaba ɗaya za a sa mutum ba, a haka zai kwanta har a gama ba motsi. Wannan shawara ta yi mini rana ƙwarai. Ta kuma koya mini tashi daga gado: a mirgina gefe jiki ɗaya, a sauke ƙafafu, a tokare da hannu, ba a yunƙura a miƙe kai tsaye ba.

Gida ma sai da aka gyara shi. Katifar ƙasa da na saba aka ɗora ta a kan gado, aka sayo kujerar bayan gida tunda tsugunno ya haramta gare ni, aka naɗe ledar tsakar ɗaki da darduma da duk abin da zai harɗe ƙafa. Buta da bokiti aka ɗora a kan benci don kada in sunkuya. Wanda ke cikin inshorar lafiya, ta tarayya ko KADCHMA ta jihar Kaduna, ya tambaya tun farko me za su biya me ba za su biya ba, musamman kayan aikin, kuma ya tambayi asibiti a rubuce me zai faru da kuɗinsa in aka ɗage. Mu ba mu san wannan tambayar ba sai da buƙatarta ta taso.

Sauran ƙa'idojin kowa zai faɗa muku: a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, farin ruwa kuma awa 2, ko yadda likitanku ya tsara. A yi wanka, a cire zobe da awarwaro da haƙoran roba, a goge jan farce saboda abin auna iska da ake maƙalawa a yatsa. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da maganinsa ranar da ba zai karya ba. In zazzaɓi ko zafin fitsari ya taso a sanar da wuri, don ba a saka siminti a jikin da ƙwayar cuta ke yawo.

Ranar ta biyu ni na fara miƙa ledar kafin a tambaya, na kuma faɗi ranar da na sha na ƙarshe. Allurar kashe zafi aka yi mini da ɗan maganin da ke sa gyangyaɗi. Na ji ana dannawa, na ji ƙarar na'ura, zafi dai ba wani mai yawa ba. Aka bar ni kwance a miƙe na ɗan lokaci, da yamma aka tsayar da ni. Na taka har bakin ƙofa na dawo, autata tana kuka tana hamdala. Ciwon nan mai kama numfashi ya tafi, sai tsamin wurin hudar. Washegari muka koma gida a mota, na kishingiɗa a kujerar gaba, direba yana bin ramuka a hankali. Keke Napep kam kada ma a fara.

Likita ya gaya mini ƙarara cewa an yi a ƙurarren lokaci, ƙashin ya riga ya fara kamewa a lotse, don haka balan-balan bai ɗaga shi yadda ya so ba. Ciwo ya tafi, alhamdu lillahi, amma ɗan ranƙwafawar da na yi tana nan, kuma duk sanda na gan ta a madubi sai waccan ledar maganin ta faɗo mini. Na koma asibitin na faɗa wa shugabar masu jinya ba tare da faɗa ba, na ce don Allah a riƙa cewa tsofaffi su kawo kwalayen magungunansu tun ranar yankar kati. Ta ce za su duba.

Simintin gaɓa ɗaya ya gyara, sauran ƙashin yana nan da zaizayarsa, kuma maƙwabtan gaɓar da aka cika suna iya lotsawa su ma. An auna ƙwarin ƙashina, an ɗora ni a kan sinadarin kalsiyam da bitamin D da wata ƙwaya, alendironet, da ake sha sau ɗaya a mako da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya sai bayan minti 30. Kulofidogirel ɗina na koma kansa ranar da aka ce. Salla har yanzu a kan kujera nake yi, likita ya ce sai ya sake ganin hoto kafin ya ba ni izinin ruku'u da sujada.