Rasit ɗin firjin nan da sunan wa?

Tun da muka sa sola a gida na fara ɗaukar takardun sayayya da muhimmanci. Kuɗin batir da inbata ba na wasa ba ne, kuma mai shagon da bakinsa ya gaya wa maigidana cewa ranar da batir ya ba da matsala, takarda za a fara tambaya kafin a saurari kukanmu. Sai na sayi fayil na roba mai zif, irin na 'yan makaranta, na tattaro na firji, na janareto, na keken ɗinki da na talabijin.

Da na baje su a kan gado, wasu sun koma fari fat. Siririyar takardar nan da injin POS ke fitarwa ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa zafin Kano na watan Afrilu ke cinye shi. Yanzu tun a shago nake ɗaukar hotonta, in tura wa kaina ta WhatsApp, in yi fotokwafi idan kayan masu tsada ne. Fayil ɗin kuma a saman wadirof yake zama, nesa da gara da danshin damina.

Amma adanawa ita ce mai sauƙi. Aikin yana wajen karɓa. Lokacin da muka je Sabon Gari haɗa wa ƙanwata kayan ɗaki, na tura kuɗin firji, yaron shago ya fara kiran mai kura. Na ce ina rasit?

"Hajiya, ai ga alat nan a wayarki, ya isa shaida."

"Ɗan nan, alat ya nuna kuɗi sun fita. Ya nuna abin da na saya?"

Ya ɗauko littafin yana murmushi, ya rubuta "firji 1" da kuɗi, zai yage. Na dakatar da shi, na sa aka buɗe kwalin, muka duba lambar da ke manne a jikin firjin ya kwafe ta, ya sa kwanan wata da tsawon garanti, ya buga hatimi a rasit da katin garantin duka. Ba don na raina shi ba. Takardar da ba ta da lambar kaya, kowane firji a kasuwar nan za ta iya zama tasa, kuma mai shago na iya cewa wanda kika dawo da shi ba nasa ba ne. A waya kuwa lambar IMEI ake rubutawa, mai lamba 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. Wannan rubutun da wasu ke bugawa a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, kada ya tsorata kowa: dokar kare masu sayayya ta 2018 ta ba da damar mayar da kaya masu aibi, hukumar gwamnatin tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, kuma tana karɓar ƙorafi. Sai dai da me za ki je mata idan hannunki babu komai?

Da ya zo wajen suna, ya ɗago kai ya ce, "Sunan Alhaji za a sa?" Na ce sunan amarya. Yayarmu ta harare ni, wai ina yi wa yarinya fatan tsiya tun ba a ɗaura ba. Ni ba saki nake hange ba, rabon gado na taɓa gani. Na ga matar da aka lissafa injin wankinta cikin dukiyar mamaci, alhali da kuɗin adashinta ta saya, kowa a gidan ya sani, amma ranar babu mai son buɗe baki. A fiƙihun Malikiyya, idan aka yi jayayya kan kayan gida babu hujja, abin da aka san na mata ne ana bar wa mace, wanda ya dace da su biyun kuwa yakan koma ɓangaren miji. To firji da talabijin na waye a al'ada? Rasit mai sunanta yana kashe maganar ba tare da an ɓata zumunci ba.

Kayan hannu su ne ba su da rasit, kuma a nan aka fi shiga uku, don ana iya sayar maka da na sata. Janareton da muka saya wajen wani maƙwabci, takardar ciniki muka rubuta da biro: sunansa, lambar injin, kuɗin da aka biya, shaidu biyu suka sa hannu. Ya ɗan ji nauyi da farko, har sai da maigidana ya ce masa, "Malam, kai ma ka riƙe kwafi, ko gobe wani ya ce ba mu biya ba." Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu.