Saɓar farko da ta fita cikakkiya bayan mako bakwai

Da safiyar yau na tarar da saɓa guda, daga hanci har ƙarshen wutsiya, a nannaɗe bayan maɓoyar mesata, kuma da na warware ta a hankali na ga murfin idanun biyu, wato siririyar fatar da ke rufe idon maciji, sun fita tare da ita. Farin cikin da na yi ba ya misaltuwa.

Lokacin da na karɓi wannan ƙaramar mesa mai dunƙulewa, tsohuwar saɓa ta manne mata biyu a kan juna, ƙarshen wutsiyarta ya shaƙe kamar an ɗaure da zare, fatar cikinta kuma ta yi ja-ja da ƙuraje masu ruwa saboda daɗewa a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai ƙazanta.

Abin da ya ba ni wahala shi ne ciwon cikin yana son bushewa, saɓar kuma tana son laima. Da na ɗaga laimar zuwa kashi 70 ta hanyar fesa ruwa, sai takardar da na shimfiɗa ta jiƙe, ƙurajen suka ƙaru. Da na daina fesawa, ma'auni ya sauka kashi 40, saɓar ta ƙara ƙanƙamewa. Mako biyu na ɓata a wannan kai-komo, kuma laifina ne. Mafitar ita ce raba su: ƙasan akwatin da take ciki ya kasance busasshe ƙarau, ana sauya takarda kullum, laimar kuma ta koma cikin wani rufaffen kwano mai jiƙaƙƙiyar gansakuka da aka matse sosai, mesar ta shiga lokacin da ta ga dama. Ɓangaren ɗumi na akwatin kuwa na riƙe shi a digiri 31 zuwa 32 na ma'aunin Celsius.

Ciwon na riƙa wanke shi da Betadine, maganin wanke ciwo, da aka sirka da ruwa har ya yi fatsi-fatsi, sannan in shafa man da likitan dabbobi ya rubuta. Kuɗin ganinsa ya girgiza aljihuna, amma shi ne ya hana ni taɓa tsohon murfin idon da ya manne mata da hantsaki, ya kuma gargaɗe ni kan duk man da ke ɗauke da maganin kashe zafi, domin yana iya yi wa maciji illa.

Wutsiyar kuwa sai da na jiƙa ta minti 20 a ruwa mai ɗumi-ɗumi har sau huɗu kafin zoben saɓar da ya shaƙe ta ya saki, amma ɗan ƙarshenta ya riga ya yi baƙi, ya faɗi daga baya. Har yanzu abin yana damuna. Tabo uku sun rage a cikinta, kuma ba zan mayar mata da shimfiɗar ɓawon itace ba sai na ga yadda saɓa ta gaba za ta bar su.