Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lissafin Sanyin Tsauni

Makon jiya mun tsaya a shekarun aikin auna yanayi a kan tsaunuka. Yau zan jingine labarin kaina gefe guda, domin abin da ke tafe ba zai shiga kunne ba sai mai karatu ya san yadda bisan wuri ke juya yanayinsa.

Ƙa'idar da ake fara koya wa ɗan koyo ita ce, duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5. Wani zai ce ai an ƙara kusantar rana. To, ƙasa rana take gasawa, ƙasar ce kuma ke ɗumama iskar da ke kanta. Iskar da ta tashi sama sai ta tarar matsi ya ragu, ta buɗe, buɗewar nan ce ke cinye mata zafi. Idan kana mita 500 ma'auni na nuna digiri 30, za ka hau mita 3,000, to ka shirya wa digiri 14 ko kusa da haka.

Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, yana dab da layin tsakiyar duniya, amma akwai ƙanƙara a kansa. A gindinsa gonaki ne. Daga wajen mita 1,800 zuwa kusan 3,000 kurmi ne mai duhu, gansakuka ta lulluɓe rassa, ruwa na ɗiga daga ganye ko ba a yi ruwan sama ba, saboda hazo. Gaba kaɗan itatuwa su gajarce su koma ƙananan tsirrai da ciyawa. An wuce mita 4,000 sai tsakuwa da ƙura, da rana ƙuna, da dare ƙasa ta daskare.

Sai dai wanda ya riƙe 6.5 kamar karatun allo zai sha kunya, domin matsakaicin lissafi ne kawai. Busasshiyar iska idan tana hawa, kusan digiri 10 take zubarwa a kowace mita 1,000. Mai ɗauke da tururi, da zarar gajimare ya fara haɗuwa, 5 zuwa 6 kawai take rasawa, saboda tururin da ke komawa ruwa yana sakin zafi. Ɗauki iska mai digiri 25, cike da danshi, ta taso daga teku ta hau tsauni mai mita 2,000 tana zubar da ruwa. A ƙololuwa tana digiri 13. Ta gangara ɗaya gefen a bushe, tana ƙara 10 a kowace mita 1,000, ta isa ƙasa da digiri 33. Tsauni ɗaya, wannan gefen kore shar, wancan ƙeƙasasshe. A Kudancin Amurka, tsaunukan Andis na cikin dalilan da suka sa hamadar Atakama ta bushe haka.

Inda aka fi yin asara kuwa cikin kwari ne. A daren da sama ta washe kuma babu iska, ƙasa na saurin hucewa. Iskar da ke taɓa ta ta yi sanyi ta yi nauyi, ta malalo kamar ruwa ta taru a ƙasan kwari. Da asuba sai a ga raɓa ta daskare a kan ganye can ƙasa, shuka ta yi baƙi kamar an babbake ta, alhali wadda ke tsakiyar gangare lafiyarta lau. Mai son kafa lambu a irin wurin nan ya sa ma'auni uku, ɗaya a kwari, ɗaya a gangare, ɗaya a sama, ya riƙa dubawa kafin fitowar rana. Kowanne ya kasance mita ɗaya da rabi daga ƙasa, cikin farin akwati mai tsaga-tsaga da iska ke ratsawa. Wanda ya ɗora ma'auni a kan dutse cikin rana, zafin dutsen ya auna.

Raguwar matsin iska na taɓa tukunya ma. Duk mita 300, ruwa na tafasa da ƙarancin digiri ɗaya. A birnin La Paz na Bolibiya, wajen mita 3,600, yana tafasa a kusan digiri 88, abinci ya daɗe bai nuna ba. Ƙara wuta ba ya magani, ruwan kawai zai ƙone, sai tukunya mai riƙe tururi.

Jiki kuma daga mita 2,500 yake fara ƙorafi, da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Bayan mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. A kan wannan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.